Yaron Da Ke Gudun Hadari

Yau ina so mu tattauna kan wata ɓarna da ruwa kan yi wadda ba a aiko malami da takarda ya rubuta ta. Kun san dai idan ambaliya ta auku a gari, kashegari manya za su iso cikin motoci, a ƙidaya mamata, a ƙidaya ɗakunan da suka faɗi, da awaki da tumakin da ruwa ya ci, da gonakin geron da suka kwanta. Bayan 'yan kwanaki a kawo shinkafa da masara, da tabarmi da barguna, wani lokaci har da kwanon rufi da siminti. Duk wannan abin godiya ne. Amma can gefe akwai yarinya 'yar shekara shida ko bakwai tana riƙe da bakin zanen uwarta, ba ta yi ko ƙwarzane ba, saboda haka ba ta shiga lissafin kowa ba. To, ita nake so mu duba.

Mu mutanen ƙasar Ruma ba sai an ba mu labarin ruwa ba. Ƙasarmu ta duwatsu ce da koramu, koramar da kike tsallakawa da rani, rairayi tsantsa, ita ce da damina za ta cika cikin sa'a guda ta hana jaki wucewa. Ga kuma markar watan Agusta, wadda ba ta da ƙarfi amma ba ta ɗaukewa, tana jiƙa ginin ƙasa a hankali har azara ta saki cikin dare. Babu unguwar da ba ta san gidan da ɗaki ya taɓa faɗa wa mutane ba. Amma abin da ya girgiza mu duka shi ne na maƙwabtanmu mutanen Jibiya. A daren Lahadi, 15 ga Yuli 2018, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gulbi ya tumbatsa ya shiga unguwanni mutane na barci. Fiye da mutum 40 suka rasu, da yawansu mata ne da yara, ɗaruruwan gidaje suka rushe, har aka tsinci waɗansu gawawwakin can Madarumfa cikin ƙasar Nijar, inda ruwan ya kai su. Gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya je ya yi jaje, aka zaunar da waɗanda suka rasa muhalli a makaranta. Tun daga nan kuwa ba a huta ba: ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, a watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta fashe ta cinye Maiduguri, a ƙarshen Mayu na 2025 kuma aka yi ta Makwa ta Jihar Neja. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bar yara masu rai waɗanda suka gani da idonsu.

Bayan ruwan Jibiya da mako guda, wata 'yar unguwarmu da ke aure can ta kawo ɗiyarta wurin kakarta, don ɗakinsu ya faɗi, ita kuma za ta koma su ga yadda za su yi da mai gidanta. Na san yarinyar tun tana goye. Mai surutu ce, irin waɗanda kan tare ki a ƙofar gida su tambaye ki abin da kika sayo a kasuwa. Da ta zo sai na ga wata yarinya dabam. Ba ta kuka, ba ta magana sai an tambaye ta, tuwo kuwa sai ta yi loma biyu ta tsame hannu. Da rana ba ka cewa komai na damunta. Amma da zarar gabas ta haɗa, iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya, tun manya ba su lura da hadarin ba, ita ta riga ta sani. Sai ta kwashe takalmanta ta rungume, ta je ta tsaya bakin zaure, ta ƙi shiga ɗaki ko da an ja ta. Da dare kuwa ga fitsarin kwance, abin da ta bari tun shekara uku da suka wuce, ga firgita cikin barci tana kiran sunan ƙaninta.

Kowace mace a unguwa ta kawo nata bayani. Wata ta ce iska ce ta shafe ta a ruwan, wata ta ce mayu, wata ta ce shagwaɓa ce kawai don ta ga kaka, a sa mata tsumagiya sau biyu za ta daina jiƙa tabarma. Kakarta dai tsohuwa ce mai sanyin hali, ba ta yi musu da kowa ba. Ta karɓo rubutu ta ba ta, ta kuma ɗauke shimfiɗar yarinyar ta haɗa da tata. In hadari ya taso ba ta tilasta mata shiga ɗaki, sai ta ɗauko kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da ita a zaure, tana tsinkar zogale ko tana ɓarar gyaɗa, tana yi mata hira kamar babu abin da ke faruwa. In ta yi fitsari, da asuba tsohuwar za ta shanya tabarma a bayan ɗaki inda sauran yara ba su gani. A haka, kafin kaka ta yi, yarinyar ta fara cin abinci, ta koma gaɗa da tsaranta. Tsoron hadarin ne ya daɗe, don har daminar da ta biyo baya tana tsayawa ta dubi sama.

Abin da ke damun irin waɗannan yara likitoci sun san shi, har a shekarar 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ba shi suna suka shigar da shi cikin littafin cututtukansu. Da Hausa sai mu ce ciwon firgici na bayan bala'i. Ga yadda abin yake. Allah ya halicci jikin mutum da wani abu kamar mai gadi cikin ƙwaƙwalwa. In haɗari ya zo, mai gadin nan kan buga kuge, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya yi sauri, baki ya bushe, ciki ya ƙulle, jiki ya yi shirin gudu. Wannan rahama ce, da ita ake tsira. In haɗarin ya wuce sai mai gadi ya koma ya zauna. Amma in tsoron ya yi yawa ainun, watau irin wanda yaro ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri, sai mai gadin ya ƙi zama. Ya riƙe duk abin da ke wurin a daren, da ƙanshin ƙasa, da ƙarar ruwa bisa kwano, da duhu, da ihun mata, ko wanne ya sake ji sai ya buga kuge kamar yau ne abin ke faruwa. Yaron ba da gangan yake yi ba. In kin doke shi don ya daina, kamar kin doki mai zazzaɓi ne don jikinsa ya yi sanyi.

Babba yana da baki, zai ce gabana na faɗuwa, ko na kasa barci. Yaro ƙarami ba shi da waɗannan kalmomi, saboda haka jikinsa ne ke yi masa magana. Wanda aka yaye sai ya koma neman nono, mai tafiya ya ce sai an goya shi, wani ya koma tsotsar yatsa, wani ya bi uwarsa har ƙofar banɗaki yana kuka. 'Yan shekara bakwai zuwa goma sun fi kawo ƙarar ciwon ciki da ciwon kai, a kai su kemis a sayo maganin tsutsa, ciwo kuwa na nan. A makaranta malam ya ce yaro ya daƙiƙance, alhali kuwa bai yi barcin kirki ba tun wata guda. Waɗanda suka fara tasawa su kuma sai faɗa da taurin kai, ko yarinya ta shige ɗaki ta daina fita wurin ƙawayenta. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne yaro mai shiru, wanda kowa ke yabo ana cewa kai, wannan akwai haƙuri, ko hawaye bai yi ba. Sau da yawa shi ne ya fi ɗaukar kaya.

Kada in tsorata ku. Yawancin yara, in suna tare da nasu, an kuma koma zaman yau da kullum, cikin 'yan makonni abin kan lafa da kansa. Amma maganar nan da muke yi cewa yaro ne, zai manta, ba kullum take gaskiya ba, ga kuwa shaida daga nesa. A wani ƙauyen masu haƙar kwal da ake kira Abafan, cikin ƙasar Wels ta Birtaniya, ranar 21 ga Oktoba 1966, bayan an kwana biyu ana ruwa, wani tsaunin dattin kwal ya zame ya rufe makarantar firamare da safe, yara sun shiga aji ke nan. Mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara. A zamanin nan Turawa ma ganinsu shi ne a yi shiru, kada a tayar da maganar. Waɗansu daga cikin yaran da suka tsira sun faɗa daga baya cewa har wasa a waje an hana su, don kada iyayen da suka yi rashi su gan su ransu ya ɓaci. Bayan shekara 33 likitoci suka nemo mutum 41 daga cikin waɗannan yara, lokacin sun zama magidanta da matan aure. Suka tarar 19 sun yi fama da wannan ciwo, 12 kuwa har a lokacin yana tare da su. Ku duba fa, shekara talatin da uku.

Yanzu bari in taɓo wata al'adarmu, ku yi mini haƙuri. In ɗaki ya faɗi, abu na farko da mukan yi shi ne rarraba yara: wannan a kai shi wurin gwaggo a Safana, wannan wurin kawu a Runka, wancan a tura shi Katsina. Zumunci ne, kuma da shi muke rufa wa juna asiri. Amma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da jiragen Jamus ke jefa bama-bamai a Landan, Ingilishi sun kwashe dubban ɗaruruwan yara sun kai ƙauyuka wurin baƙi don su tsira. Wata mata masaniyar halin yara, Anna Freud, da abokiyar aikinta Dorothy Burlingham, suka buɗe gidajen reno a Landan, suka zuba ido suna rubuta abin da suka gani. Abin da suka tarar ya ba mutane mamaki. Yaro ƙarami da ke tare da uwarsa, muddin uwar tana da natsuwa, ƙarar bam ba ta cika yi masa illa mai daɗewa ba, rabuwa da uwar ita ce ke karya shi. Sun kuma lura cewa tsoron yaro na bin tsoron uwa, in ta rikice ya rikice, in ta dake ya dake.

Ba ina cewa a bar yaro cikin ɗakin da ya tsage don kada a raba shi da uwarsa ba. Ina cewa in da hali, 'yan ƙanana su zauna inda uwa take, ko da aji ne na makaranta ko rumfar kara. In kuwa tilas ne a kai shi riƙo, to, a kai shi wurin wadda ya saba da ita, a haɗa shi da wani ɗan'uwansa, a ba shi wani zanen uwarsa ya riƙa rufa da shi. Sa'an nan a gaya masa gaskiya: za ka zauna wurin Inna har a gama yaɓen ɗaki, zan zo ranar kasuwa. Ranar kasuwa kuwa a zo. Abin nan da mukan yi na zamewa yaro na barci, ya farka ya ga babu uwa, ga wanda ruwa ya riga ya nuna masa cewa abu kan ɓace cikin dare, ƙari ne bisa ciwo. Yarinyar da na ba ku labari, ranar da uwarta ta zo da ƙaninta ta gan shi da idonta, a ranar ta fara yin barci har safe.

Ga kuma maganar kunyar ɗan fari. Na san uwa ba za ta rungumi ɗanta na fari gaban mutane ba, ko sunansa ba ta faɗi, ni ma a haka aka rene ni, ban kuwa ce a bari ba. Amma ku lura, a daren ambaliya ɗan farin nan ne aka miƙa wa jariri aka ce riƙe, shi aka ce ya ja hannun ƙannensa, shi ya fi kowa fahimtar abin da ke faruwa. Da gari ya waye kuwa shi kaɗai ne ba mai lallashi. In uwa ba za ta iya ba, ai shi ya sa Allah ya yi kaka da gwaggo da kishiyar uwa ta kirki. Wata cikinsu ta ɗauki wannan aiki, ta ja shi jiki, ta ce masa sannu, ka yi ƙoƙari. Haka ɗa namiji da ake ce wa namiji ba ya kuka. Yana yi, sai dai a bayan rumbu.

In an yi rashi, mu daina cewa yaro babanka ya yi tafiya, ko ƙanwarka tana asibiti. Zai yi ta jiran mai tafiya, ranar da ya ji gaskiya a bakin yaran unguwa kuwa ba zai ƙara yarda da maganarki ba. A gaya masa da kalmomi kaɗan masu sauƙi, ta rasu, ba za ta dawo ba, muna yi mata addu'a. Kuma kada a ce barci take yi, don kada ya ji tsoron kwanciya. Akwai wani abu kuma da yara kan ɓoye a ciki, watau ganin laifin kansu. Yaro na iya ɗauka cewa don ya saki hannun ƙanensa ne, ko don ya ƙi aike da rana, ko don ya taɓa cewa Allah ya sa a yi ruwa mai yawa ya yi wanka. Ba zai faɗa ba. Ke ce za ki riga shi, ki ce masa ruwan nan ya fi ƙarfin manya ma, babu laifinka ko kaɗan. Ki maimaita masa, don sau ɗaya ba ya isa.

A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani ɗan littafin jagora na taimakon farko ga wanda ya firgita. Abin da ya fi burge ni ciki shi ne an hana matsa wa mutum ya ba da labari. Mu kuwa duk wanda ya zo jaje sai an kira yarinya, zo ki gaya wa Baba yadda kika hau katanga. Sau goma a yini tana komawa cikin ruwan nan. Ku bar ta. In ita ta ɗauko maganar, ki ajiye muciya ki saurara, in ta tsaya ki tsaya. Sau da yawa ma a wasa suke faɗa. Za ki ga sun gina 'yan ɗakuna da jar ƙasa, sun sa 'yar tsana ciki, sun kwararo ruwa daga buta har ginin ya rushe, su sake ginawa su sake rushewa. Wata uwar sai ta ce wannan mugun fata ne, ta watsa su. A'a, ki ƙyale su, labarin ne suke juyawa har ya yi musu daidai ɗauka. In kin ga dama ki tsuguna ki ce, to wa zai zo ya fitar da 'yar tsanar?

Na zamanin nan kuma shi ne waya. Ana ciro gawa daga ruwa, kafin la'asar hoton ya zaga kowane gida, mata sun taru suna kallo suna salati, yara na leƙe ta kafaɗa. Ƙaramin yaro bai san abu ɗaya ne ake maimaitawa ba, gani yake kullum sabon ruwa ake yi. Haka nan mu kiyaye bakinmu, kada a ce wa mai ƙiriniya ka bari ko in jefa ka gulbi.

Ba zan rufe ido ga halin da ƙasarmu ta shiga ba. Shekarun nan yaran Batsari da Safana da ƙauyukan bakin dajin Rugu da yawa sun kwana a gona suna gudun 'yan bindiga, waɗansu an baro garuruwansu da su tsakar dare. Yaron da ya riga ya san ƙarar bindiga, tsawa ba tsawa kaɗai ba ce a kunnensa. In ruwa ya zo ya rushe ɗan ɗakin da suka samu suka fake, tsoro ya hau kan tsoro ke nan, irinsu kuwa sun fi jinkirin warkewa, sun fi bukatar a sa musu ido.

Addu'a da tofi da rubutu, babu mai hana ki, yaron da ya ji hannun kakarsa bisa kansa tana yi masa addu'ar barci lalle yana samun natsuwa. Abin da nake roƙo shi ne kada a turara shi da hayaƙi mai shaƙewa cikin ɗaki a rufe, kada a tsare shi ana yi wa aljani tsawa a kansa, don wannan sabon firgici ne. In wata guda ya wuce abin bai ragu ba, ko yana ƙaruwa, ko yaro ya daina magana, ko yana ramewa, ko babba cikinsu ya fara cewa gara ma ya mutu, to, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Ki gaya wa malamin asibiti abin da ya faru tun daga daren ruwan, kada ki tsaya kan ciwon ciki kaɗai, ki roƙa a tura ku wurin likitan da ya san wannan fanni, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Dawanau a Kano, ko Kware ta Sakkwato, ko Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin ɗanki ya haukace. Ke ma uwa, in ke ce ba ki barci, in gabanki ne ke faɗuwa da an yi cida, ki faɗa a duba ki tare da shi.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne kuke kwana ɗaki ɗaya da ƙannenku, kun fi kowa sanin wanda ke firgita. Kada ku yi masa waƙar mai fitsarin kwance. Ku yi masa tatsuniya da dare, amma a ajiye ta Dodo tukuna. In wata ta dawo ajinku bayan ruwa ya ci gidansu, ba littafi ba riga, ku matsa mata a benci, ku ba ta aron littafi ta kwafa, kada ku yi mata taron tambaya. Komawa makaranta da wuri, da cin abinci a kan lokacinsa, da kwanciya a kan lokacinta, suna daga cikin abin da ke gaya wa jikin yaro cewa duniya ta koma daidai.

Kafin marka ta kama, ki kira yaran su taya ki aiki. Su ga an share indararo, an buɗe kwata, an toshe tsagar bango, an ɗaura takardun gida da katin asibiti cikin leda an rataye sama. Ki nuna musu da rana tsaka tudun da za a nufa in ruwa ya shigo, da hanyar da za a bi wadda ba ta ratsa korama ba, ki ce wane zai riƙe hannun wane. Mai tsoron nan kuwa shi za ki ba ajiyar tocila, ki ce ya riƙa duba batir kowace Jumma'a.